Karnukan da ake kiwo a Minna: asalinsu, halayensu da abin da ya kamata mai saye ya sani

A unguwannin Minna, babban birnin Jihar Neja, irin su Fadikpe, Dutsen Kura, Bosso da Tunga, ba sabon abu ba ne a ga gida mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, an liƙa allon gargaɗi cewa akwai kare a ciki. Haushin da ke tashi daga irin waɗannan gidaje cikin dare sau da yawa na manyan karnuka ne waɗanda kakanninsu suka fito daga Jamus, Afirka ta Kudu ko tsaunukan kudancin Rasha.

Tsaro ne babban dalilin da ke sa magidanta ajiye su, musamman fargabar ɓarayi masu haura katanga. Wasu kuma sha'awa ce ke jan su, yayin da matasa da dama suka mayar da kiwon karnukan sana'a, suna tallar 'ya'yansu a Facebook da WhatsApp, inda kuɗin kwikwiyo guda kan kai dubban ɗaruruwan naira. Haka abin yake a Abuja, Kaduna, Jos, Kano da sauran manyan biranen ƙasar nan.

Sai dai kowane irin kare yana da tarihinsa. Wasu mutane ne, a wata ƙasa mai nata yanayi, suka tsara shi domin wani aiki takamaimai. Girman jikinsa, kaurin gashinsa, yawan abincin da yake ci da yadda yake kallon baƙo, duk daga wannan tarihi suka samo asali. Hausawa na cewa wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya sayi kare bai san abin da aka halicci irinsa a kai ba, yakan wahalar da dabbar, ya yi asarar kuɗinsa, wani lokaci ma ya jefa iyalinsa da maƙwabtansa cikin haɗari.

Yadda aka samu ire-iren karnuka

Masana kimiyya sun yi ittifaƙi cewa dukkan karnukan duniya, manya da ƙanana, daga kyarkeci suka fito, kuma kare ne dabba ta farko da ta saba da ɗan Adam, tun kafin tumaki, awaki da shanu. A Jamus an tono wani kabari mai kimanin shekara 14,000 inda aka binne kare tare da mutane, abin da ke nuna daɗewar wannan zama tare.

Shekaru dubbai mutane suna zaɓar karnuka ne bisa amfaninsu. Makiyayi yana riƙe wanda ya iya tsare garke, mafarauci yana riƙe mai gudu da jin ƙanshi. Tsarin da ake bi yanzu, na rubuta sunan uwa da uba da kakanni tare da ƙayyade tsayi, launi da siffar kowane iri, sabon abu ne da ya fara a Ingila a ƙarni na 19. An yi bikin baje kolin karnuka na farko a birnin Newcastle a 1859, aka kafa ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Birtaniya a 1873, ta Amurka kuma a 1884. Ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai suna FCI, wadda aka kafa a 1911 kuma take da hedikwata a Beljiyam, ta amince da fiye da iri 350. Saboda haka yawancin sunayen da ake ji a bakin masu sayar da karnuka a yau ba su kai shekara 200 da tabbata ba.

Karen makiyayan Jamus

Wannan shi ne wanda aka fi sani a Najeriya, ana kiransa Alsatian, wasu kuma su ce karen 'yan sanda. Wani hafsan sojan doki na Jamus, Max von Stephanitz, shi ya kafa irin. A 1899 ya ga wani karen kiwon tumaki a wajen baje koli, ƙarfinsa da basirarsa suka burge shi, ya saye shi, ya sauya masa suna zuwa Horand von Grafrath, sannan ya kafa ƙungiyar da ta yi masa rajista a matsayin kare na farko a wannan zuriya. Da kiwon tumaki ya fara ja baya a Jamus, Stephanitz ya shawo kan 'yan sanda da sojoji su ɗauki karen aiki.

Sunan Alsatian kuwa siyasa ce ta haifar da shi. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Turawan Ingila ba sa son jin duk wani abu mai sunan Jamus, sai suka laƙaba wa karen sunan yankin Alsace da ke kan iyakar Faransa da Jamus. A 1977 aka maido masa da sunansa na asali a Birtaniya, amma a Najeriya tsohon sunan ya zauna daram.

Namiji kan kai kilo 30 zuwa 40, tsayinsa a kafaɗa santimita 60 zuwa 65. Yana da saurin koyo da biyayya ga mai shi, yana kuma ɗari-ɗari da baƙo. Da yake an tsara shi ne domin ya yini yana zagaye garke, ɗaure shi a wuri guda dare da rana na sa shi ƙunci, yawan haushi da ɓarna. Gashinsa ninki biyu ne, yana zuba sosai. Babbar matsalarsa ta gado ita ce lalacewar gaɓar ƙugu, wadda kan sa ƙafafunsa na baya su raunana tun bai tsufa ba.

Rottweiler da Doberman

Rottweiler ya samo sunansa daga garin Rottweil da ke kudu maso yammacin Jamus, tsohuwar cibiyar cinikin shanu. Karen mahauta ne. Shi ke kora shanu zuwa kasuwa, ya kuma ja amalanken nama. Da jirgin ƙasa ya karɓe jigilar dabbobi a ƙarni na 19, irin ya kusa ɓacewa, sai aikin 'yan sanda ya farfaɗo da shi a farkon ƙarni na 20. Baƙi ne mai ɗigon ja-ja a fuska, ƙirji da ƙafafu, namiji kan kai kimanin kilo 50. Kare ne mai natsuwa wanda ba ya yawan haushi, amma dabbar da aka saba wa tunkarar bijimi tana buƙatar mai gida da zai iya sarrafa ta tun tana ƙarama. Baƙin gashinsa na zuƙar zafin rana, kuma 'ya'yansa na cikin waɗanda cutar gudawar jini ta fi kayarwa.

Doberman ɗan uwansa ne a launi, amma siriri ne kuma ya fi shi tsayin ƙafa. Sunan wani mai karɓar haraji ne a garin Apolda na Jamus, Karl Friedrich Louis Dobermann, wanda ya rasu a 1894. Aikinsa na yawo da kuɗi cikin mutanen da ba sa marhabin da shi ya sa ya haɗa karnuka daban-daban har ya samu mai rakiya wanda ake shakka. Gajeren gashin Doberman ya sa ya fi karnukan Turai masu kaurin gashi jure zafi, sai dai yana son kusanci da mai shi, ba ya jin daɗin zaman kaɗaici a bayan gida.

Boerboel, mai gadin gona daga Afirka ta Kudu

Cikin manyan karnukan gadi da suka yi fice a Najeriya, Boerboel ne aka tsara a nahiyar Afirka. Farkon sunansa na nufin manomi a harshen Afirkans. Ana danganta tushensa da manyan karnukan da Turawan Holan suka kawo tun zuwan Jan van Riebeeck yankin Cape a 1652, waɗanda suka gauraya da wasu daga Ingila da kuma karnukan da aka tarar a ƙasar. Aikinsa shi ne tsare gidan gona da ke nesa da gari daga namun daji da ɓarayi. A farkon shekarun 1980 ne masu kiwo suka bi gonaki suna zaɓo waɗanda suka rage, suka kafa ƙungiyarsu a 1983.

Babban namiji kan haura kilo 60, wasu har 80, wato nauyin cikakken mutum. Gajeren gashinsa ya dace da ƙasa mai zafi fiye da na karnukan Turai masu gashi. Yana shaƙuwa da mutanen gida ƙwarai, yana kuma ɗaukar duk abin da ke cikin katanga a matsayin nasa. Nan ne haɗarin yake, domin mai kawo ruwa, mai gyaran wuta ko yaron maƙwabta da ya shigo ɗaukar ƙwallo duk baƙi ne a wurinsa. Ciyar da shi kuma ɗawainiya ce babba, domin ragowar tuwo ba ya riƙe jiki irin wannan.

Caucasian, ɗan tsaunuka masu ƙanƙara

Babu irin da ya fi nuna saɓani tsakanin asali da sabon mazauni kamar wannan. Daga tsaunukan Kokeshas ya fito, yankin da ya haɗa Jojiya, Armeniya, Azarbaijan da kudancin Rasha, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni. Makiyaya sun daɗe suna barinsa tare da tumaki domin ya tunkari kyarkeci da beyar shi kaɗai, ba tare da jiran umarni ba. A zamanin Tarayyar Sobiyet an yi amfani da shi wajen gadin gidajen yari da wuraren soja.

Ƙa'idar irin ta ce namiji kada ya gaza kilo 50, da yawa kuma sun zarce haka nesa. Tarihinsa ya bar masa abubuwa biyu da mai saye a Minna ya kamata ya auna. Na farko, kare ne mai yanke hukunci da kansa, ba shi da saurin biyayya irin ta Alsatian, kuma idan ya girma bai saba da mutane ba, da wuya a gyara shi. Na biyu, rigar gashin da ke jikinsa ta sanyi ce mai tsanani, alhali a watan Maris zafin Minna kan kusanci digiri 40 a ma'aunin Selsiyas. Kwikwiyonsa kyakkyawa ne kamar ɗan tsana, abin da ke ruɗar masu saye da yawa, amma cikin shekara guda ya zama dabbar da mutum ɗaya ba zai iya riƙewa da sarƙa ba.

Pitbull

Tarihin wannan iri ya fara ne da wani mugun wasa a Birtaniya, inda ake ɗaure bijimi a saki karnuka su far masa. Da majalisar dokokin ƙasar ta haramta wasan a 1835, masu caca suka koma haɗa karnuka faɗa a cikin rami, suka gauraya ƙarfin karen bijimi da zafin naman ƙananan karnukan kama ɓeraye. Baƙin haure suka tafi da irin Amurka, inda ya zama karen gona da na gida, aka kuma fara yi masa rajista a 1898.

Matsakaici ne a jiki amma tsoka ce zalla, idan ya kama abu ba ya saurin saki. Masu kiwonsa na yaba shaƙuwarsa da mutane, sai dai yana da saurin faɗa da sauran karnuka da dabbobi, wanda abin lura ne a unguwar da awaki da kaji ke yawo. Birtaniya ta taƙaita mallakarsa da dokar karnuka masu haɗari ta 1991. Ƙasar Denmak kuma tana da jerin ire-iren karnuka 13 da ta haramta, waɗanda suka haɗa da Pitbull, Boerboel da Caucasian, ukun da ake sayarwa a Najeriya ba tare da an tambayi mai saye ko ya taɓa riƙe kare ba.

Ƙananan karnukan cikin gida da karnukan hukuma

Lhasa Apso, ƙaramin kare mai dogon gashi da bai wuce kilo 6 zuwa 8 ba, ya ɗauki sunan birnin Lhasa na Tibet, wanda ke kan tudu mai tsayin fiye da mita 3,600. A gidajen ibada na mabiya addinin Buddha aikinsa shi ne zama a ciki ya yi haushi idan ya ji motsin baƙo, yayin da manyan karnuka ke tsaron waje. Har yanzu kunnensa na da kaifi, kuma ga mai son ƙararrawa kawai ya wadatar. Gashinsa na buƙatar taza kullum, in ba haka ba ya cuɗe ya zama maɓoyar kaska.

Farin karen nan mai laushin gashi da ake kira Eskimo ba shi da wata alaƙa da mutanen Eskimo. Jikan wani ƙaramin karen Jamus ne da baƙin haure suka kai Amurka, aka sauya masa suna a zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, bisa dalili iri ɗaya da na Alsatian.

Akwai kuma waɗanda aka fi gani a hannun jami'an tsaro. Labrador ya samo asali daga karnukan masunta na tsibirin Newfoundland a Kanada, masu shiga ruwan sanyi su jawo raga, aka kuma amince da shi a matsayin iri a Birtaniya a 1903. Sanyin halinsa ya sa bai dace da gadi ba, amma hancinsa ya sa ake amfani da shi wajen gano miyagun ƙwayoyi da abubuwan fashewa. Malinois, daga garin Malines na Beljiyam, ya yi kama da Alsatian sai dai ya fi shi sauƙin jiki da kuzari. Rundunar 'yan sandan Najeriya na da sashen karnuka, hukumar NDLEA ma na amfani da karnuka masu shinshina a filayen jiragen sama. Karnuka ne da ke aiki kullum a hannun ƙwararru, kuma Malinois da aka ajiye a gida ba aikin yi kan zama fitina.

Karen gida da danginsa na Afirka

Karen da aka fi rainawa a unguwa, siriri mai gajeren gashi ja-ja, tsayayyun kunnuwa da wutsiya mai lanƙwasa, wanda a kudancin ƙasar nan ake kira Ekuke, ya girmi dukkan waɗanda aka lissafa a sama. Mutane da yawa na ɗaukarsa barbarar yanyawa ce ta karnukan Turai. Binciken ƙwayoyin halitta da Adam Boyko da abokan aikinsa na Jami'ar Cornell ta Amurka suka wallafa a 2009, kan karnukan ƙauyuka a Masar, Yuganda da Namibiya, ya nuna cewa yawancinsu zuriya ce ta asali mai zaman kanta, wadda ta daɗe a nahiyar tun kafin zuwan Turawa. An samu ƙasusuwan karnuka a Masar da suka haura shekara 6,000, kuma zane-zanen kan duwatsu a hamadar Sahara na nuna mafarauta tare da karnuka masu irin wannan siffa.

Yanayin ƙasar ne ya tace wannan kare tsawon ƙarnoni. Wanda bai jure zafi, ƙishirwa, kaska da ƙarancin abinci ba ya mutu, wanda ya jure ya bar zuriya. Shi ya sa karen gida ke rayuwa da abin da ba zai ishi Rottweiler karin kumallo ba, kuma ba a cika ganinsa da cututtukan gado da auren dangi ya jawo wa karnukan rajista ba. A ƙasar Hausa shi ne abokin mafarauta, waɗanda ke fita daji ƙungiya-ƙungiya da rani bayan an kawar da amfanin gona, suna kama zomo, gafiya da gada. Shi ne kuma mai tsaron ruga da gona. Karin maganar nan da ke cewa ba a kiwon kare ranar farauta ta nuna cewa Hausawa sun daɗe da sanin muhimmancin horo da kulawa tun kare na ƙarami.

Daga cikin dangin wannan kare akwai biyu da duniya ta karɓa a matsayin iri na musamman. Na farko shi ne Azawak, mai sunan kwarin Azawak da ya ratsa iyakar Nijar da Mali, yankin da shanun Azawak ma suka samo sunansu. Karen Buzaye ne da sauran makiyayan Sahel, dogo mai tsayin santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, amma nauyinsa bai wuce kilo 20 zuwa 25 ba. Haƙarƙarinsa a bayyane yake ko da yana cikin ƙoshin lafiya, domin haka halittarsa take. Yana bin barewa da zomo da gudu, yana kuma tsare sansani da dare. An fara kai shi Turai a farkon shekarun 1970, ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka kuma ta amince da shi a 2019. Abin lura shi ne, yayin da Turawa ke kashe kuɗi masu yawa domin mallakar karen Sahel, mazauna Sahel ɗin na kashe nasu kuɗin domin shigo da karen ƙanƙara.

Na biyu shi ne Basenji na dazuzzukan Kongo, ƙaramin karen farauta da ba ya haushi, sai wani irin kuka mai kama da guɗa. Mafarauta kan rataya masa ƙararrawar itace a wuya domin su san inda yake a daji. An samu nasarar kiwonsa a Ingila a shekarun 1930.

Iri kaɗai ba ya yanke hali

Duk da tasirin asali, sunan iri ba tabbaci ne na halin kowane kare ba. Wani babban bincike da mujallar Science ta wallafa a 2022, wanda ya tattara bayanai kan karnuka fiye da 18,000 ya kuma duba ƙwayoyin halittar fiye da 2,000, ya gano cewa iri na bayyana kimanin kashi 9 cikin 100 ne kawai na bambancin hali tsakanin kare da kare. Iri na ƙayyade girma, ƙarfi da siffa, wato irin ɓarnar da cizo zai iya yi, amma tarbiyya ce ke da babban rabo wajen ko karen zai yi cizon. Watanni uku zuwa huɗu na farkon rayuwar kwikwiyo su ne lokacin da yake koyon wane ne nasa da abin da ya kamata ya ji tsoro. Al'adar kulle kare a keji mai duhu, hana shi ganin mutane ko dukansa domin ya yi zafi, na samar da dabba mai tsoro, kuma kare mai tsoro ba ya bambance ɓarawo da ɗan gida.

Akwai kuma batun algus a cinikin. Kwikwiyoyi na kama da juna, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa da sunan tsantsar iri gauraye ne. Likitocin dabbobi kan shawarci mai saye ya ga uwar da idonsa, ya lura da halinta, ya nemi katin rigakafi mai sa hannun likita, kuma kada ya raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya kai mako takwas.

Matsayin addini da haƙƙin maƙwabta

Ga Musulmi, ajiye kare na da iyaka. Hadisai ingantattu sun yi gargaɗin raguwar lada ga wanda ya ajiye kare, in ba na farauta, kiwo ko tsaron gona ba, kuma Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta mai horo ta kamo. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Musulmin Arewa ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sha ruwa a ciki sau bakwai domin bin umarni. Game da gadin gida a cikin gari malamai sun yi saɓani, da yawa kuma sun halatta idan akwai buƙata ta gaske. Masu sharhin Risala sun kawo labarin cewa mawallafinta, Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi a zamanin rashin tsaro, da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin wannan zamani, da zaki ma zai ajiye.

A unguwa irin Fadikpe, inda Musulmi da Kirista, Gwari, Nufawa, Hausawa da sauran ƙabilu ke zaune gida na jikin gida, haƙƙin maƙwabci na nan ko wane addini mai karen yake bi. Katanga mai ƙwari, ƙofa mai rufuwa, sarƙa da takunkumi idan za a fita da kare, su ne ke hana rigimar da kan kai ga ofishin 'yan sanda.

Zafi, kaska da sauran cututtuka

Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, sai kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya kansa. Zafin jikinsa na yau da kullum digiri 38 zuwa 39 ne, idan ya haura 41 rayuwarsa na cikin haɗari. Keji mai rufin kwano da aka ajiye a rana a watan Maris ko Afrilu na iya kashe Caucasian ko Rottweiler cikin yini guda. Inuwa, iska, ruwan sha mai yawa da fita motsa jiki da sassafe ko bayan faɗuwar rana wajibi ne ga irin waɗannan karnuka.

Da damina kaska ke yawaita, tana ɗauke da cututtukan da ke shanye jinin kare. A wuraren da ƙudan tsando yake, kamar wasu dazuzzukan Jihar Neja, sammore na kama karnuka, kuma na ƙasashen waje sun fi na gida saurin faɗuwa. Cutar parvo, mai sa amai da gudawar jini, wadda ta ɓulla a duniya a ƙarshen shekarun 1970, na kashe kwikwiyoyi da yawa, ana kuma fara rigakafinta tun suna mako 6 zuwa 8. A ɓangaren abinci, albasa, cakulan da inabi guba ne ga kare, dafaffen ƙashin kaza kuma na iya tsaga hanjinsa, abin da masu ba da ragowar abincin gida ya kamata su kiyaye.

Ciwon haukan kare bai san iri ba

Akwai cuta guda da ke kama karen dubban ɗaruruwan naira kamar yadda take kama karen bola. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke ɗauka, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tsira, amma ana iya hana ta gaba ɗaya idan aka gaggauta.

Ana yi wa kare allurar farko yana da wata uku, a riƙa maimaitawa kowace shekara. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, na sarrafa wannan rigakafi, ana kuma samunsa a asibitocin dabbobi na gwamnati da masu zaman kansu. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, yaɗuwar cutar na tsayawa. Kan wannan ne hukumomin duniya suka ɗora burin kawo ƙarshen mutuwar mutane daga cizon mahaukacin kare nan da 2030, kuma ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara aka keɓe domin wayar da kai a kan cutar.

Duk wanda kare ya ciza ko ya yaƙusa, ko da karen gidansu ne, ya wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar domin fara allurai, ya kuma kammala su. Shafa tokar gashin karen ko ɗaure wurin da ganye ba ya kashe ƙwayar cutar. Karen kuma a killace shi, likitan dabbobi ya sa masa ido kwana 10 zuwa 14, a sanar da hukuma idan ya sauya hali, ya fara dalalar da yawu ko ya mutu a cikin wannan lokaci.